SARAUNIYAR LITTAFI DA SARAUNIYAR LUGU

Yau za mu duba wani littafi da wani silima da anka yi bisa ƙasarmu ta Arewa. Sunansu ɗaya ne: Sarauniya. Littafin, Abdullahi Mamani ya rubuta shi da Faransanci, ya fito a Paris a shekara ta 1980. Siliman kuwa, Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya shirya shi daga littafin a 1986.

Da yawa cikinmu ba su karanta littafin ba, don ba da Hausa yake ba. Amma labarinshi ya riga ya shigo gidajenmu. Yaran lakkwal sun ji shi a bakin mushe. A Yamai akwai gidan rediyo mai sunan Sarauniya. A 2024 gwamnati ta ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. Idan ka tambayi saurayi yau wace ce Sarauniya, mafi yawa ta littafi zai kwatanta maka. Shi ya sa ya kamata mu aza littafin a ma'auni, mu ga inda ya yi daidai da inda ya kauce.

Abin da ya faru a 1899

Mu fara da abin da kowa ya yarda da shi. A farkon shekara ta 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara, ta nufi Tabkin Cadi. Shugabanninta biyu ne, kaftin Bule da kaftin Shanwan, waɗanda ake rubutawa Voulet da Chanoine. Turawan cikinta ƴan kaɗan ne. Sauran sojojin baƙar fata ne da ƴan dako, ɗaruruwa. Duk inda sunka bi sai wuta da gawa. Suna ƙwace hatsi da dabbobi, suna kama mata, suna ƙone garuruwa.

A watan Afrilu sunka iso Arewa, sunka sauka Matankari. Ranar 16 ga Afrilu sunka auka wa Lugu. Mutanen Lugu da maƙwabtansu na Tungana sunka tare su da kwari da baka. Lissafin Faransawa da kansu ya nuna sun harba harsashi wajen 7000, an kashe masu soja 4, an raunata 6. Anka ƙone Lugu. Rundunar ta wuce, ta yi wa Birnin Ƙwanni mummunar ɓarna a watan Mayu. Da labarin ta'asar ya kai Faransa, anka turo kanar Klob ya karɓe rundunar. Bule ya sa anka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu sunka juya masu, sunka kashe Shanwan da Bule a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa.

Wani hafsan rundunar, Jowalan, ya rubuta littafi a 1930. A ciki ya ambaci Sarauniya a taƙaice, ya kira ta tsohuwar matsafiya wadda ta aiko wa Bule saƙon raini. Kusan iyakar abin da takardun Turawa sunka ajiye game da ita ke nan.

Abin da littafin ya yi daidai

Yabon gwani ya zama dole. An haifi Mamani a Gudumariya a 1932, can gabas, ƙasar abokan wasan Arawa. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Mutum ne da ya san zafin mulkin mallaka. Ya ɗauki matar da Bature ya zaga cikin ƴan layuka, ya yi mata littafi sukutum.

Kafin 1980 yaron lakkwal a Nijar yana iya gama karatu bai ji sunan Lugu ba. Yana jin sunan Samori da Rabe, amma bai san an tare bindiga da baka a Dallol Mawri ba. Littafin ya gyara wannan. Ya kuma faɗi gaskiyar abin da Bule da Shanwan sunka aikata, bai rufe ba, bai sassauta ba. Babin da yake nuna yadda hafsoshin ke ruɓewa da girman kai da zalunci, har sojojinsu sunka gaji da su, shi ne mafi ƙarfi a littafin. A nan Mamani yana tafiya kan takardun tarihi, ƙafarshi kuwa ba ta zame ba.

Ya kuma yi wani abu mai kyau. Ya nuna cewa waɗanda sunka tsaya ba manyan sarakuna masu dawaki ba ne, manoma ne da maharba na ƙaramin gari. Wannan darasi ne da ya cancanci a koya wa kowane yaro.

Inda littafin ya kauce

Sai dai littafin ƙagaggen labari ne. Mai ƙaga labari yana da izinin ƙara gishiri. Laifin yana wurinmu idan munka ɗauki gishirin munka ce shi ne tuwon. Ga wurare huɗu da ya kamata mai karatu ya lura da su.

Na farko, asalinta. A littafin, Sarauniya ɗiyar sarki ce wadda uwarta ta rasu wajen haihuwa. Wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da magani, ta girma ta gaji gadon uba. Labari ne mai daɗin ji. Amma ba haka sarautar Lugu take ba. Sarauniya sunan sarauta ne, kamar yadda Baura yake a Bagaji, ko Samna a Tibiri. Mangu ɗaya ce daga jerin mata da sunka riƙe wannan sarauta. Akwai na gabanta, akwai na bayanta. Kuma ba uba ke ba ɗiya ba. Idan Sarauniya ta rasu, ana yin tarkama: maza su ɗauki gawar, matan zuriyar su taru, inda gawar ta nufa nan sarauta ta faɗa. Ko da matar tana aure a wani gari, sai ta dawo Lugu. Haka anka yi a 1983, lokacin da tarkama ta nuna Aljima. Mamani ya ɗauki mace mai dangi da kakanni, ya maida ta marainiya ita kaɗai. Ya tsinke ƙwarar tsakiya ɗaya daga zare, ya jefar da sauran.

Na biyu, aikinta. Sarauniyar littafi budurwa ce jaruma, mai alamar damisa, tana gaban mayaƙa da makami. Sarauniyar Lugu dattijuwa ce mai fararen tufafi. Tana zaune cikin ɗakinta, tana kaɗin auduga, ba ta yawo. Aikinta tsaron ƙasa ne ta hanyar al'adar kakanni: roƙon damina, kau da annoba, sasanta mutane. Ba ta da fada mai dogarai, ba ta karɓar haraji. Ƙarfinta shi ne, idan ta ce a'a, gari duka ya ce a'a. Ga alama Mamani ya ga wannan irin ƙarfi ba zai cika idon mai karatu na birni ba, sai ya sa mata makami a hannu. A ganina nan ya yi hasara. Tsohuwa da ba ta da doki ba ta da bindiga, ta aika wa mai igwa cewa ba za ta kauce ba, ta fi budurwa mai takobi ban mamaki.

Na uku, sunan mutanenta. Littafin yana kiransu Azna, kamar sunan ƙabila. Azna ba ƙabila ba ce. Kalma ce da ake faɗa wa mai bin addinin gargajiya, ko a Lugu yake, ko a Adar, ko a Gobir. Mutanen Lugu suna da sunansu: Gubawa ne. Idan ka kira mutum da addininshi ka bar sunan zuriyarshi, ranar da ya musulunta sai ka ce ya ɓace. Alhali jikokin Gubawa suna nan birjik a cikinmu, da limamai da alhazai da malaman makaranta.

Na huɗu, ƙarshen labarin. A littafi da silima, Sarauniya ta janye cikin daji, Turawa sunka firgita, ita kuma ta dawo ta sake gina garinta, mutane na kowane addini sunka taru ƙarƙashinta. Zuciya tana son haka. Amma Lugu ta biya tsada. An kashe mata mutane da yawa, an ƙone gidaje da rumbuna, iyalai sunka watse cikin wasu garuruwa. Babban gari ya koma ƙaramin ƙauye. Littafin da ya ce an yi nasara kawai ya mance da waɗanda sunka kwanta dama. Su ma suna da suna, suna da ɗiya.

Wa ya fara zama

Abin da littafin ya fi rasawa shi ne zaman jama'a. Mai karanta shi zai ɗauka Lugu tsibiri ce, maƙiya sun kewaye ta ta ko'ina. Sarakunan Musulmi na maƙwabta, na Sakkwato da na Matankari, an nuna su ko dai masu ƙinta, ko masu sunkuyar da kai ga Bature. Gaskiya ne an yi yaƙe-yaƙe a ƙarni na 19, kuma gaskiya ne ba kowa ya tsaya tare da Lugu ba a 1899. Amma wanda ya san asalin Arewa ya san Lugu da Matankari ba baƙin juna ba ne.

Ga yadda tsofaffi ke ba da labarin. Sarauniya ta farko, wadda ake kira Ƴar Ƙasa, daga Daura ta taso da mutanenta. Daura kuwa an san ta da sarautar mata tun kafin zuwan Bayajida. Sunka yi ta tafiya tare da dutsen Tunguma har sunka zauna Lugu. Shi ne dutsen da anka riƙa zuwa wurinshi neman gaskiya idan shari'a ta gagara. Daga wannan tushe dangi sunka bazu, sunka sari daji, sunka gina rijiyoyi, sunka kafa garuruwa. Bagaji, mazaunin Baura, tana cikin mafi girmansu. Waɗannan su ne Gubawa, ƴan ƙasa.

Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya iso. Baura ya ba shi ɗiyarshi. Ta haifi ɗa, Akazama, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin sarakunan Arewa. Daga sunan Ari ake cewa Arawa. Zabarmawa kuma suna ce masu Mawri. Zuriyar nan ita ce ta ƴan sarki. Ita ta riƙe Matankari, rassanta kuma sunka yi kudu cikin dallol. A kudun ne sarautar Samna ta kahu a Tibiri, inda Samna Ƙarhe ya yi suna a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19.

To, ku duba da kyau. Idan uban Akazama Babarbare ne, uwarshi Bagubiya ce. Ke nan duk ɗan sarkin da ke Arewa jikan Gubawa ne ta wajen mace. Wasan da ke tsakanin Arawa da Barebari daga wannan labari yake. Fulanin ma da littafin ya sa a sahun abokan gaba, kowa a Nijar ya san abokan wasan Arawa ne. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasan dangantaka na Nijar cikin abubuwan gadon duniya. Ƙasar da take da irin wannan igiya ba a raba ta gida biyu, mutanen kirki a Lugu, maciya amana a waje.

Wani Bafaranshe mai bincike, Marc-Henri Piault, ya zauna a Arewa, ya saurari tsofaffi, ya fitar da littafi mai suna Histoire Mawri a 1970. Abin da ya nuna shi ne iko a Arewa hannu biyu gare shi. Ƴan ƙasa ke riƙe da ƙasa da al'adunta. Ƴan sarki ke riƙe da mulki da yaƙi. Ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Wannan littafi ya riga na Mamani da shekara 10, amma bai yi farin jini kamar shi ba, don ba shi da jaruma. A 2007 kuma wani littafi ya fito mai suna Lougou et Saraouniya. Cikin marubutanshi akwai Bube Namaiwa, malamin jami'a ɗan Nijar. Shi wannan ya koma bakin mutanen Lugu, ya jera sunayen Sarauniyoyi, ya bayyana tarkama da Tunguma. Duka biyun da Faransanci suke. Wannan abin takaici ne: labarin kakanninmu, daga bakin tsofaffinmu, amma sai mai Faransanci ke iya karanta shi.

Siliman Med Hondo

Siliman yana da kyan gani. Ya ci babbar kyautar bikin silima na Afirka, FESPACO, a Wagadugu a 1987, kuma ya cancanta. Ya kai sunan Sarauniya ƙasashen da littafin bai kai ba. Ai Keita, ƴar Burkina Faso da ta fito a matsayin Sarauniya, ta yi aikinta da kwarjini.

Amma ba a Arewa anka ɗauke shi ba, a Burkina Faso ne. Harsunan cikinshi Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Ɗan Lugu zai kalle shi daga farko har ƙarshe bai ji an gaida Sarauniya da harshenta ba. Ba zai ga jajayen duwatsun dallol ba, ba zai ga zanen fuskar Arawa ba. Gine-ginen da tufafin na wata ƙasa ne. Ga mai kallo a Dakar ko Paris wannan ba kome ba ne, don shi jarumar Afirka yake nema, kuma ya samu. Ga mu kuwa da bambanci. Ido ya fi kunne saurin yarda. Yaron da ya ga siliman sau ɗaya, idan kakarshi ta ce mashi Sarauniya tsohuwa ce mai kaɗi, zai ce kaka ta ruɗe.

Me ya sa wannan ya dame mu

Wani zai ce: labari ne, a bar shi ya yi daɗi. Wani kuma zai ce: mu Musulmi ne, me ya haɗa mu da zancen Tunguma? Amsar ita ce sanin asali daban, bauta daban. Mutum yana sanin sunan kakanshi da abin da ya yi ba tare da ya bi addininshi ba. Da sanin asali ake sada zumunci, da shi ake raba gado.

Kuma asali yana taɓa tuwonmu na yau. Dokar ƙasar noma ta Nijar, wadda ta fito a 1993, ta yarda da mallakar gona ta hanyar gargajiya. Idan rikicin gona ya tashi, abin da ake tambaya shi ne: wa ya sari dajin? Wa ya gina rijiyar? Wa anka ba aro, wa anka ba kyauta? A da tsofaffi ke amsawa. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Idan abin da ya rage a kan yaranmu shi ne labarin silima, ranar shari'a ba su da abin faɗi.

Haka zancen sarauta. A farkon mulkin Faransa anka ɗauke mazaunin Sarkin Arewa daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, inda kumandan yake, alhali garin yana da nashi Kona tun da. Bature ya fi son ya yi magana da mutum ɗaya mai rawani, don haka takardunshi sun cika da sunayen sarakunan kanto, ƴan ƙasa kuwa sai jefi-jefi. Maroƙa ma sunayen masu ba su riga suke jerawa. Wanda ya haƙa rijiya ba shi da makaɗi. Littafin Mamani ya so ya gyara wannan rashin adalci, amma sai ya bi hanyar maroƙa: ya ɗaga mutum ɗaya, ya bar jama'a a duhu.

Abin da ya rage gare mu

Hukuncina shi ne: littafin Sarauniya littafi ne mai daraja, kuma ya kamata a juya shi da Hausa don mutanen Dogon Dutsi da Tibiri su karanta da kansu. A karanta shi don sanin zaluncin 1899 da ƙarfin zuciyar da ya tare shi. Amma kada a nemi asalin Lugu a cikinshi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mu da muke iya riƙe alƙalami yanzu, aikin yana hannunmu. Kowa ya sami littafin rubutu ɗaya, ya zauna gaban tsohon gidansu da tsohuwar gidansu. Ya rubuta sunan uba da kaka da kakan kaka, iyakar inda anka sani. Ya rubuta na wajen uwa ma, don mun ga sarautar Arewa kanta ta ɗakin mace ta fito. Ya tambayi daga ina anka taso, me ya tashe su, yunwa ce ko yaƙi ko neman gona. Wa sunka tarar a wurin? Wace rijiya ce ta farko? Wane gida ne na maƙera, wane na mahauta, wane na masaƙa, wane na maharba? Ina gidansu yake lokacin da Bule ya wuce?

Idan tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta maganar kowa da sunanshi da ranar da ya faɗa. Kada a zaɓi mai daɗi a bar mai ɗaci. Kada a ƙara wa kaka rawanin da bai naɗa ba. Kada kuma a maida littafin sandar dukan maƙwabci, a ce shi baƙo ne. A Arewa kowa ya zo ne daga wani wuri: Ƴar Ƙasa daga Daura, Ari daga Barno. Wanda ya riga zuwa ya ba na baya ruwa da wurin zama, har da ɗiya. Haka anka yi ƙasar.

Wanda ya rubuta na garinsu, ya kawo wa malamin ajinsu a karanta gaban jama'a, tsofaffi su gyara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabata.